Abin da Ilu Ya Gani a Bakin Ƙarfe

Da shigowar zafin bana, shekara biyar ke nan da muka rufe Iliyasu mai walda, wanda mutanen da ke tsakanin Kura da Bunkure suka fi sani da Ilu. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Taubashina ne, mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, saboda haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin "Sabo" a bakinsa ba sai in na ɓata masa rai. Masu tuna mamaci a shafin jarida sukan jero kyawawan halayensa kamar kwandunan tumatir a bakin titi. Ni ba haka zan yi ba. Abu guda ya yi a gabana wanda na daɗe ina jin haushinsa, kuma shi nake fara tunawa duk lokacin da aka ambaci sunansa.

Ba zan faɗi sunan ƙauyukanmu ba, don wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Ƙauyuka biyu ne da ke shan kanal ɗaya, wato magudanar ruwan noman rani. Su Ilu suna inda ruwa ke fara isa, mu kuma muna can wutsiya, shi ya sa ake ce musu 'Yan Sama, mu 'Yan Ƙasa. A tsakaninmu akwai ƙofar ruwa: wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi a cikin ramin siminti, da doguwar sandar ƙarfe da ta taso daga jikinsa zuwa wani sitiyari. In aka murɗa sitiyarin, sanda ta ja ƙofa sama, ruwa ya gangaro mana. In aka sauke ta, ruwa ya tsaya ya shiga gonakinsu. Da wuya ka sami gida a wajenmu da babu uwa ko suruka 'yar sama a cikinsa, amma da rani, in gona ta bushe, mutum yakan manta daga wane gida aka auro uwarsa.

A shekarar da wayar salula ta fara shigo mana, lokacin da sai ka hau tudu kake samun magana, zafi ya sauka da wuri. Tumatir ya riga ya ɗauki 'ya'ya, rabon ruwanmu na baya kuma bai ishi rabin gonaki ba. Ganye ya fara lanƙwashewa tun da hantsi. Ranar da rabonmu ya sake zagayowa, mai kula da ƙofa ya kama sitiyari ya murɗa, sai ya ji yana juyawa sakayau, ƙofa kuwa ko motsi. Sanda ta rabu biyu, can kusa da inda ta kama ƙofar. Mutumin ya hau kekensa ya tafi kai rahoto ofis, mu kuma mun san kafin takarda ta zaga tebura ta dawo, tumatir ya zama abincin awaki.

Ruwa bai zo ba, sai magana ta zo. Audu Dogo, maƙwabcina, wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a tumatir a waccan shekara, ya rantse cewa zarto aka sa aka yanke sandar, har ya kama suna: Kawu Haladu, ƙanin mahaifiyata, baffan Ilu. Hujjarsa ita ce an ga Kawu kusa da ƙofa da sassafe, kuma an taɓa jin sa a kasuwa yana cewa ruwa na wanda ya fara samu ne. 'Yan Sama suka ce ƙarya ne, samarinmu ne suka zura bututu a sitiyari suka murɗe shi da ƙarfin tsiya don su saci ruwa kafin ranarsu, har sanda ta tsinke. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. In za a faɗi gaskiya, kowane ɓangare ya taɓa yin abin da zai sa a zarge shi.

Na shiga gida na ɗauko gorata. Inna, mahaifiyata, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Sabo, gonarka ce, ba zan hana ka ba. Amma in ka ɗaga gorar nan, ka dubi fuskar da za ka sauke ta a kai. Nono ɗaya muka sha da Haladu." Na fita, gorar kuma ban ajiye ta ba, sai dai tun daga ƙofar gida har bakin kanal ta yi mini nauyi.

Na tarar mutane sun cika gaɓa biyu, mu a wannan, su a waccan, ƙofar ruwa a tsakiya. Gora, fartanya, lauje, kowa da abin da hannunsa ya kai gare shi, kuma kowa yana cewa daga gona yake. An riga an zaro guntun sanda na sama, amma samari sun yi ta buga shi a siminti har bakinsa ya dagule, kowa yana ganin abin da yake son gani a jiki. Ɗaya guntun yana can cikin rami, maƙale da ƙofa, laka ta rufe bakinsa. Dattawa suka yi ta kai da kawo, daga ƙarshe aka tsaya a kan magana ɗaya: a kira Ilu, ya ciro guntun, ya goge, ya faɗa wa jama'a ko yanka ne ko karaya. Mu 'Yan Ƙasa mun yarda da shi, don shi ke liƙa mana garma da injin ban ruwa shekara da shekaru, bai taɓa cutar kowa ba. Abin da zai biyo bayan amsarsa babu wanda ya faɗa, amma babu wanda bai sani ba.

Sai da hantsi ya dubi ludayi ya iso, a kan amalanken shanu, da janaretonsa na walda. Ilu gajere ne mai jan ido, rigar aikinsa duk huji kamar rariya, kuma mutum ne da ba ya sauri. Ya sauko, ya gaida dattawan gaɓa biyu ɗaya bayan ɗaya kamar ya zo ɗaurin aure, ya hango ni, ya ce, "Bawa, har da kai da gora? Kai da ko akuya ba ka iya kora daga gona ba?" Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban yi ba.

Ya naɗe wando ya sauka ramin ta gefen da babu ruwa. Muka ji bugun guduma, ya cire ƙusar da ta riƙe guntun. Daga inda nake tsaye ba na ganin komai sai bayansa da saman hularsa. Na ga ya ciro tsumma daga aljihu ya goge bakin ƙarfen, ya juya shi wajen haske, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Jama'a suka yi tsit, har kana jin ruwa yana dukan ƙofa daga ɗaya gefen. Da ya hauro, tafin hannunsa yana rufe da bakin ƙarfen.

Audu Dogo ya ce, "Ilu, tsakaninka da Allah, zarto ne ko ba zarto ba?"

Kawu Haladu ya ce, "Faɗa musu, ɗana. Wanke ni a gaban mutane."

Ilu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Baffa, Malam Audu, ni walda aka koya mini. Ruwa kuke so ko shari'a?"

Wani daga baya ya ce, "Duka biyu!"

Ya ce, "To, kayan aikin ɗaya na zo da su."

Wanda bai san walda ba sai ya ɗauka haɗa baki da baki ake yi a shafa wuta. Ƙarfe mai kauri ba haka ake masa ba. Sai an fere bakin kowane guntu kamar yadda ake fere fensir, don wuta ta shiga har tsakiya, in ba haka ba fatar ce kawai za ta kama. Wannan gaskiya ne, kowane mai walda zai gaya maka. Amma babu abin da zai hana Ilu ya buɗe hannunsa ya nuna mana kafin ya fere. Bai yi ba. Ya ja igiyar janareto, ya ɗauki giranda, injin da suke gurza ƙarfe da shi, ya juya mana baya. Kafin mu gane abin da ake ciki tartsatsi ya tashi, shaidar da muka taru dominta ta bi iska. Ya ɗaga ƙarfen sama, bakinsa yana ƙyalli kamar sabon cokali, ya ce, "Ga shi, kowa ya duba."

Ban taɓa ganin jini ya kusa zuba kamar a wannan lokacin ba. Audu ya yi kururuwa cewa Ilu ya rufa wa baffansa asiri. Kawu Haladu ya ce, "Ɗan wana, ka bar ni da zargi a wuya?" Wani ya jefo dutse ya sami tankin janareto. Gaɓa biyu suka matso, na ji hannuna ya ɗaga gora ban sa shi ba. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, duk fuskokin nan sun daina kallon juna, mutum ɗaya suke kallo. Shi kuwa ya tsuguna ya jawo guntu na biyu, ya ce, "Mai son dukana ya bari in gama. In kuka karya hannun nan, sai ku jira ofis." Ambaton ofis ne ya sauke gorori, ba tausayi ba.

Ya shimfiɗa ƙarfen angil, mai kwarmi kamar indararo, a kan siminti, ya kwantar da guntayen biyu a cikinsa baki da baki. Ya ce sandar nan in ta karkace ko da kaurin tsinke ne za ta cije a hanya, ƙofa ba za ta tashi ba, don haka yana buƙatar mutum biyu su danne masa. "Baffa, kama nan. Malam Audu, kai ka fi kowa ƙarfi, kama can." Sun kama, ba don sun huce ba, sai don kowannensu ba ya son a ce ɗayan ne kaɗai hannunsa ke kan sandar. Ya naɗa musu buhu a hannu, ya ce su kawar da kai su rufe ido, in ya ce "juya" su juya tare. Sannan ya ɗaga murya ya ce wa jama'a kowa ya ja baya, kada wanda ya kalli wutar. Ya faɗa, ya maimaita.

Babu ɗayanmu da bai san wutar walda ba ta son kallo ba. Amma mutumin da ya gama shafe shaida a gaban idonka, shi ne zai ce maka kawar da kai ka kawar? Muka matso, mu da su, muka zuba ido kamar masu kallon dambe, kada ya sake yi mana wata dabara.

Ya rufe fuska da baƙin gilashinsa, ya ɗiga wuta. Ɗigon farko bai kama ba. Tartsatsi ya faɗa cikin hannun rigar Audu, ya zabura, sai muka ji ƙas, guntayen suka rabu. Gunaguni ya tashi a gefen 'Yan Sama. Kawu Haladu, idonsa a rufe, ya ce, "Riƙe da kyau, Dogo. Tumatirinka ne." Audu ya sa gwiwa ya danne. Ilu ya sake ɗigawa, ya ce juya, suka juya, ya ɗiga. Ya mirgina sandar a cikin angil ya duba miƙewarta, sannan ya shiga cikowa, layi bisa layi, yana tsayawa ya kakkaɓe kashin ƙarfe da 'yar gudumarsa. Janareto ya yi ta tari, kuma duk tarin da ya yi sai na waiga na dube shi, don na san in ya mutu babu abin da ya rage a wurin nan sai mu da gororinmu.

Da ya gama, haɗin ya yi jawur, wani daga cikinmu ya rugo da bokiti cike da ruwa. Mu manoman rani ne, duk abin da muka ga ya yi zafi ruwa muke ba shi. Ilu ya zabura ya kifar da bokitin da ƙafa, kuma wannan ne kaɗai saurin da na taɓa gani ya yi. Ya ce in aka sanyaya shi da ruwa zai yi tauri ya sake tsinkewa a wurin, sai dai a binne shi a busasshen yashi ya huce don kansa. Aka binne. Muka tsaya muna kallon tulin yashi, rana tana dukanmu, tumatir yana can yana mutuwa. Azahar ta yi, kowane ɓangare ya yi sallarsa a gaɓarsa. Ilu ya yi tasa shi kaɗai kusa da yashin, don babu sahun da ya matsa masa.

Da aka tono sandar aka mayar da ita, ya sauka ramin ya dafa haɗin da hannunsa, a daidai inda ruwan zai fara bugowa, ya ce a murɗa a hankali. Ƙofa ta cije, ruwa ya danne ta, sanda ta yi ƙara irin ta tsohon ƙyauren zaure. Na runtse ido a lokacin da runtsewar ba ta da sauran amfani. Sai na ji wani ya ce, "Ga shi nan!" Wani siririn jan ruwa ya ɓullo ta ƙarƙashi ya jiƙa ƙafafun Ilu, kafin ya fara haurowa ya kai masa gwiwa. Mu 'Yan Ƙasa muka kwasa da gudu, kowa yana son ya riga ruwan isa bakin gonarsa, gororin da muka zo da su muka riƙa ture ciyawa da shara daga hanyarsa da su. Babu wanda ya tsaya ya ce wa Ilu sannu.

Magana ba ta mutu ba, don akwai waɗanda suka rantse washegari za su koma a ƙarasa ta. Gari ya waye, babu mai iya buɗe ido. Kamar an zuba mana yashi a ciki, hawaye na zuba, haske kuwa kamar allura. Mazan ƙauyuka biyu muka kwanta a ɗakuna da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, mata suna yi mana sannu suna fita tsakar gida su yi dariya. Mutum biyu ne kaɗai suka tsira, Kawu Haladu da Audu Dogo, su kuma ba su da mayaƙan da za su ja. Kafin idanu su washe tumatir ya ɗaga kai, neman kwando da mota ya taso, kowa ya shiga sabgar gabansa. Na sha tambayar Ilu ko da gangan ya yi, amsarsa ɗaya ce: "Ban ce ku rufe ido ba?"

Shi kaɗai ya ɗauki nauyin wannan zaman lafiya. Mutanenmu suka ɗauke aikinsu suka koma kai wa masu walda na cikin Kura, suna cewa ɗan sama ne, ya kare nasa. Mutanensa suka ce ya sayar da baffansa don ya faranta wa gwaggonsa. Kawu Haladu ya daina amsa gaisuwarsa har damina ta zo ta wuce. Rumfarsa, wadda a da ba ka samun wurin zama a cikinta, ta koma daga shi sai rediyonsa. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma ba kowa haƙuri ba, don Ilu akwai taurin kai.

Yau in na bi ta bakin kanal nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yadda muka koma. Da yawanmu mun sayi ɗan injin China mun kafa bututu a gona, injin in ya lalace ba a kai shi walda, jefarwa ake yi a sayi wani. Ciyawar kachala ta cinye rabin kanal, gayyar yashe ta kuwa sai a yi ta kira babu mai fitowa, don mai injinsa ba ya ganin yana buƙatar maƙwabci. Faɗan ruwa ya ragu, gaisuwa ma ta ragu. Na san zai ce mun zama masu arzikin da ba su iya gyara komai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne wayar nan mai hoto da ke aljihun samari. Da a yau abin ya faru, kafin Ilu ya rufe bakin ƙarfen an leƙa ramin an ɗauka, kafin la'asar hoton ya zaga ƙauyuka biyu daga waya zuwa waya. Da mun san gaskiya. Ban sani ba ko da Inna ta sake taka gidan ƙaninta.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da Ilu, damina biyu bayan wannan rana. Na je duba shi wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na same shi a zaure an jingina shi da bango, ya rame har riga ta yi masa yawa. Da mutane suka ragu na matsa na ce, "Ilu, mu biyu ne, kuma ba zan kai ta ko'ina ba. Zarto ne?"

Ya ce, "Ruwan ya isa gonarka?"

Na ce ya isa.

Ya ce, "To me kuma bawa yake nema? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na fito da haushina, shi kuma ya tafi da abin da ya gani.

Ba zan ce abin da ya yi ba shi da aibu ba. In Kawu Haladu bai yanka ba, ya cancanci a wanke shi, ga shi har ya rasu bara akwai masu nuna shi da baki. In ya yanka, to an danne wa Audu Dogo da ire-irensa haƙƙi. Ko ta ina ka duba akwai wanda Ilu ya hana gaskiyarsa, shi ma ya san haka, shi ya sa bai taɓa neman a gode masa ba. Amma nakan tuna yadda ya dube ni da gora a hannu. Ko wace amsa ya bayar, a gidanmu za ta faɗi: ko dai kawuna ne ya so kashe gonata, ko kuma unguwar ubana ce ta yi wa ɗan'uwan uwata ƙazafi. Inna ta ci gaba da zuwa suna da biki a gidajen 'yan'uwanta tana dawowa ɗakinta ta kwana, ba ta tsallake jinin kowa a hanya ba. A cikin gidan ƙaninta ta yi zaman makokinsa, kuma Audu Dogo yana cikin waɗanda suka je gaisuwa. Ina kewar Ilu ƙwarai, kuma babu sauran mai kirana bawa.

Rumfarsa yanzu mai cajin waya ne a ciki, janareton kuma an sayar. Abin da ya rage shi ne sandar. Makon jiya na bi ta ƙofar ruwa, na tarar an kawo sabon mai kula da ita, baƙo ne, ba ɗan yankinmu ba. Ƙofar a ɗage take, haɗin ya fito sarari, tsatsa ta ci ko'ina amma shi yana nan da ƙullinsa kamar gaɓar rake. Na tsuguna na miƙa hannu na shafa shi. Mutumin ya leƙo ya ce, "Malam, ashe an taɓa liƙa ta. Me ya karya ta?"

Na ce, "Ban sani ba. Allah ya jiƙan wanda ya sani."